“Daga Ina Kuɗin Nan Suka Fito?” Yadda Ake Amsa Wannan Tambaya da Turancin Amurka

*Jawabin da ɗaya daga cikin likitocinmu mazauna jihar Maryland ya gabatar a taron zumuncin ƙungiya da aka yi a garin Laurel. Mun kawo shi ne don amfanin 'yan'uwa na waje da na gida.*



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa maza da mata, yayyena da ƙannena, da 'ya'yanmu da ke can baya suna latse-latsen waya, ina yi wa kowa barka da zuwa. Na san da yawa sun zaci hawan jini ko ciwon suga zan ɗauko, tunda likita aka miƙa wa abin magana. To, yau maganar kuɗi na zo da ita, da kuma Turancin da muke bayanin kuɗinmu da shi. Kada ku ce na bar gonata na shiga ta wani. A ƙasar nan, kafin mara lafiya ya iso ɗakina ya riga ya amsa tambayoyi a kan samunsa, kuma amsar da ya bayar ita ke yanke irin inshorar da zai samu, da ko zai iya sayen maganin da na rubuta masa. Na ga gidajen da kalma ɗaya a kan fom ta hana su taimakon da suka cancanta, na kuma ga waɗanda ta ja musu bashi.

Tambayar da ba mu saba da ita ba

A Katsina, idan ka tambayi magidanci nawa yake samu, ko ina ya sami kuɗin da ya sayi mota, ka yi rashin ta ido. Amsar da tarbiyya ta koya mana ita ce “Alhamdu lillahi, asiri a rufe”, ko “ana ɗan buga-buga”. Mun taso da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan ɗabi'a tana da amfaninta, tana kare mutum daga hassada, tana kuma kare wanda ba shi da shi daga jin kunya.

Amma a nan, banki zai yi maka wannan tambaya, mai gidan haya zai yi, asibiti zai yi, hukumar haraji ta IRS da ta shige da fice duk za su yi. Tun 1970 Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa bankuna ajiye bayanai da kai rahoton manyan hada-hadar tsabar kuɗi, aka ƙara tsaurara ta bayan harin 11 ga Satumba, 2001. Ga shi kuma daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025 Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF mai yaƙi da halasta kuɗin haram ta sa wa ido na musamman, abin da ya sa bankuna suka ƙara bin diddigin kuɗin da suka fito daga gida. Saboda haka idan yarinyar banki a kan titin Route 1 ta tambaye ka, aikinta take yi. Abin da ke sa ta ɗaga gira shi ne amsa mai harshen damo.

Jimloli uku masu kama da juna

Ta farko ita ce “source of income”. Ana nufin hanyar da kuɗi ke shigo maka a kai a kai: albashi, ribar sana'a, kuɗin haya, fansho. Ta biyu “source of funds”. Wannan ba ruwanta da albashinka, tana tambaya ne a kan wasu kuɗi takamaimai: dala 18,000 ɗin nan da suka faɗo asusunka ranar Talata, daga ina? Ta uku “source of wealth”, wato yadda ka tara dukiyarka gaba ɗaya tsawon shekaru.

Inda mutanenmu ke tuntuɓe shi ne a tambaye su ta biyu su amsa ta farko. An ce daga ina dala 18,000 suka fito, sai mutum ya ce “I am a nurse”. Gaskiya ya faɗa, amma bai amsa ba, domin albashin ma'aikacin jinya ba ya zuwa dunƙule haka. Amsar da ake jira tana da ƙafa huɗu: wane ne ya ba ka, a kan wane dalili, yaushe, kuma wace takarda ce shaida. Misali: “These are the proceeds from the sale of my land in Nigeria. I sold it in March, and here is the sale agreement.” Kalmar “proceeds” ita ce kuɗin da suka fito daga sayar da wani abu. Ku riƙe ta.

Turancin gida da na nan

Mu da muka yi makaranta a Nijeriya muna da Turancinmu, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai wasu kalmominsa suna sauya ma'ana da zarar sun ƙetare teku.

Ɗauki “dash”. A gida kyauta ce. Ba'amurke kuwa gudu ya sani da wannan kalma, ko ɗan layin da ake ja a rubutu. Ka ce masa “gift”.

Ɗauki “contribution”. A gida adashi ne. A nan sadaka ce ga wata ƙungiya, ko abin da ake cire maka ana zubawa a asusun ritaya. Idan ka ce “I collected my contribution”, ka bar mai sauraro cikin duhu sau biyu, domin “collect” ma a nan an fi jin ta a wajen karɓar bashi ko karɓar tallafin gwamnati. Kalmar da ba ta da ƙura ita ce “received”.

Sai “borrow” da “lend”. Hausa ta fi Turanci tsari a nan, don ta raba aro da rance: abin da za a mayar da shi kansa aro ne, kuɗin da za a kashe a biya da wasu rance ne. Turanci bai kula da wannan ba, abin da ya kula da shi shi ne wa ya bayar, wa ya karɓa. Mai karɓa shi ke “borrow”, mai bayarwa shi ke “lend”. Wanda ya ce “I borrowed him five thousand” yana nufin shi ya ba da rance, amma kunnen Ba'amurke ya ji cewa shi ake bi. A gaban mai ba da bashin gida, wannan juyin yana iya mayar da mai bin bashi ya koma wanda ake bi.

Akwai kuma “under the table”. Na sha jin 'yan'uwa suna faɗin ta suna nufin a hannu ake biyansu. Ma'anarta a nan ita ce biyan da aka ɓoye wa hukumar haraji. Idan tsabar kuɗi ake ba ka kuma kana bayyana su, ka ce “I am paid in cash, and I report it on my taxes”. Tsakanin jimlolin nan biyu akwai tazarar da ke tsakanin mai gaskiya da mai laifi.

Na ƙarshe, “my brother”. A wurinmu ɗan baffa ɗan'uwa ne, ɗan unguwa ma ɗan'uwa ne. A kan fom, “brother” wanda kuka haɗa uwa ko uba ne. Ɗan baffa da ɗan kawu “cousin” ne, aboki kuma “family friend”. Zumunci ba ya raguwa don an faɗi dangantaka yadda take.

Abin da aka rubuta da abin da ya shigo hannu

Nan ne fagen da na fi gani da idona. “Gross income” shi ne kuɗinka kafin a cire haraji da sauran abubuwa. “Net income”, ko “take-home pay”, shi ne abin da ya iso asusunka. Galibin fom-fom na inshora, haya da bashin gida, na farkon suke nufi idan ma'aikaci ne kai. Mu kuwa abin da muka gani a waya shi muka sani, shi muke rubutawa.

Sai lissafin lokaci. “Biweekly” biya ne duk bayan mako biyu, sau 26 ke nan a shekara. “Twice a month” sau 24 ne. A ce ana biyan mutum dala 1,600 duk mako biyu. Idan ya ninka sau 24 zai rubuta 38,400, alhali samunsa na gaskiya 41,600 ne. Ya rage dala 3,200 ba da niyya ba. Idan ta Maryland Health Connection ya sayi inshora da rangwamen gwamnati, za a daidaita lissafin lokacin cike takardun haraji, kuma abin da aka ba shi fiye da haƙƙinsa ana iya neman ya mayar.

Kuskuren yana zuwa ta ɗaya ɓangaren ma. Direban Uber ko mai kai kaya ba ma'aikacin kamfani ba ne a idon hukuma, “self-employed” ne, mai zaman kansa. Ma'aikaci takardar W-2 ake ba shi, mai zaman kansa 1099. Shi mai zaman kansa, samunsa shi ne abin da ya rage bayan ya cire kuɗin da ya kashe wa sana'ar. Idan ya rubuta duk abin da manhaja ta nuna ya shigo, ya kumbura samunsa, har ya fitar da iyalinsa daga Medicaid, wadda a Maryland take ɗaukar manya masu samun da bai wuce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba. Amma ya sani kuma, da zarar ribarsa ta kai dala 400 a shekara sai ya bayyana, kuma akwai harajin masu zaman kansu na kashi 15.3 cikin 100.

Ku kuma sani cewa dokar Maryland ta wajabta wa asibitoci yin magani na dole kyauta ga wanda samun gidansa bai wuce kashi 200 cikin 100 na wannan ma'auni ba. Sunan abin “financial assistance”. Mutanenmu da yawa ba sa nema, wasu don kunya, wasu don ba su san sunan da za su kira ba. Sai mutum ya zauna da ciwo a gida yana tsoron takardar biya, har ƙaramin abu ya zama na ɗakin gaggawa.

Kalmar “household” ma tana da tarko. A fom ɗin inshora, galibi ana nufin kai, da matarka ko mijinki, da waɗanda kuke sakawa a takardar haraji. Iyaye da ƙannen da kake ciyarwa a Katsina, duk da nauyinsu na kanka, dokar harajin nan ba ta ƙidaya su, sai idan 'yan ƙasa ne ko mazauna Amurka, Kanada ko Meziko.

Kyauta ce ko rance?

A tsakaninmu sau da yawa ba ma rabewa. Yaya ya ba ka kuɗi ya ce “je ka yi amfani da su, in Allah ya hore ka kawo”. Turancin banki ba shi da wannan tsaka-tsaki. Ko “gift” ne, ko “loan”.

Idan za ka sayi gida, za a nemi bayanan asusunka na wata biyu. A ƙa'idar Fannie Mae, duk kuɗin da suka shigo lokaci ɗaya suka haura rabin samunka na wata, sai ka yi bayaninsu. Idan kyauta ce, mai bayarwa zai sa hannu a “gift letter”, takardar da ke ɗauke da sunansa, adireshinsa, dangantakarku, adadin kuɗin, da furucin cewa ba a jiran a biya. Idan kun san za a biya kuka sa hannu a kan kyauta ce, kun yi wa banki ƙarya a neman bashi, laifin da hukuncinsa a dokar tarayya yake iya kaiwa shekara 30 a kurkuku. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ku zauna da Yaya tun kafin a tura kuɗin, ku yanke: ya yafe ne ko yana jira?

Kyauta da gado ba a biyan harajin samu a kansu. Amma idan abin da ka karɓa daga mutumin da ba mazaunin Amurka ba ya haura dala 100,000 a shekara ɗaya, dole ka sanar da IRS ta fom mai lamba 3520. Sanarwa ce kawai, amma tarar rashin yin ta tana iya kaiwa kashi 25 cikin 100 na kuɗin.

A nan zan ƙara kalmar “sponsor”. A gida wanda ya biya maka kuɗin jirgi ko na makaranta ne. A fom I-864 alkawari ne da kotu ke iya tilasta cikawa: ka nuna samunka ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci, kuma nauyin yana kanka har wanda ka ɗauko ya zama ɗan ƙasa ko ya cika kimanin shekara 10 yana aiki. Ko saki ba ya sauke shi.

Adashi

Iyayenmu mata, wannan taku ce, ko da yake maza ma sun shigo. Adashi halas ne a ƙasar nan. Sunansa a Turancin masana “rotating savings group”, wasu ma'aikatan banki kuma sun san shi da “susu”, sunan da 'yan Ghana da mutanen Karibiyan suka yaɗa. Fannie Mae ta yarda a biya kuɗin somin-taɓin gida da kuɗin adashi, muddin mutum ya nuna shaidar cewa yana zubi a kai a kai. To ina shaidar? Uwar adashi ta riƙe littafi mai sunayen 'yan zubi, adadin zubi, ranaku, da jerin kwasa. Zubin ya bi ta banki ko Zelle maimakon ambulan. Ranar kwasa, ga abin da za ki ce: “This is my payout from a savings group. Ten of us pay in five hundred dollars a month, and this month was my turn.”

Dala 10,000

Wannan adadi ya tsorata mutanenmu fiye da kima, kuma tsoron ne ke jefa su rami. Idan ka zuba ko ka cire tsabar kuɗi sama da dala 10,000 a rana ɗaya, banki zai cike rahoto. Shi ke nan. Ba tuhuma ba ce, ba haraji ba ne. Laifin shi ne ka rarraba kuɗin, 9,000 yau, 8,000 jibi, don kada a cike rahoton. Sunan wannan “structuring”, kuma laifi ne mai zaman kansa ko da kuɗin guminka ne tsantsa, hukuncinsa har ɗaurin shekara 5. Duk wanda ya ba ka shawarar ka “raba su ƙanana”, bai so ka da arziki ba.

Haka yake a filin jirgin Dulles ko BWI. Babu iyaka ga abin da za ka shiga ko ka fita da shi, amma idan ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsu a naira ko wani kuɗi, sai ka cike fom FinCEN 105. Iyalin da ke tafiya tare, jimillar abin da ke hannunsu ake dubawa. Saƙonnin da 'yan'uwa suka damƙa maka ka kai gida su ma suna cikin lissafi, don a jakarka suke. Rashin bayyanawa yana iya sa a ƙwace kuɗin gaba ɗaya, har da amanar mutane.

Abin da muka bari a gida

Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin, Amurka tana lissafa samunsu na duk duniya. Kuɗin hayar shagonka a Ƙofar Ƙaura “rental income” ne. Idan jimillar abin da ke asusunanka na wajen Amurka ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, akwai rahoton FBAR da ake bayarwa zuwa 15 ga Afrilu.

Mu mazauna Laurel muna da ƙarin dalili. Fort Meade na nan kusa da mu, cibiyar binciken APL ta Jami'ar Johns Hopkins tana nan, cibiyar NASA ta Goddard tana Greenbelt. 'Ya'yanmu da yawa can za su nemi aiki, kuma fom SF-86 na tantance masu riƙe sirrin gwamnati yana tambaya a kan kadarori a ƙasar waje, da ko mutum ya taɓa tallafa wa wanda ba ɗan ƙasa ba da kuɗi. Aika wa Hajiya kuɗin cefane “financial support” ne, kuma amsar ita ce e. Ciyar da uwa ba laifi ba ne a ko'ina. Ɓoyewa ce ke kashe aiki. Iyaye, idan kun sayi fili da sunan yaro, ku gaya masa tun yanzu.

Ga 'yan'uwa na gida

Ku da za ku karanta wannan a Katsina, rabin maganin yana hannunku. Idan ɗanku ya ce a aiko masa da takardar cinikin fili, ko ta rabon gado daga kotu, ko rasit, kada ku ce ya zama Bature, ya daina yarda da mutane. Tambayarsa ake yi, kuma “Baba ne ya sayar” ba ta wadatar. A rubuta ciniki, a sa kwanan wata da shaidu, a biya ta banki. Dokar Nijeriya ta 2022 kan halasta kuɗin haram ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Kuma ina roƙo, a daina turo kuɗin wani ta asusun yaranmu da sunan “a taimaka a karɓa masa”. Wanda kuɗi suka sauka a asusunsa shi zai amsa tambaya, kuma mafi munin amsa ita ce “they belong to someone I don't know”.

Abin da nake ba da shawara

Na farko, duk kuɗin da suka shigo maka ba ta albashi ba, ka ba su suna ɗaya daga cikin waɗannan tun ranar da suka shigo: “gift”, “loan”, “inheritance”, “proceeds of sale”, “savings”, “business income”. Ka rubuta, ka ajiye takardar. Na biyu, sunan da ka faɗa wa banki shi za ka faɗa wa IRS, shi za ka faɗa wa asibiti. Na uku, idan ba ka gane tambaya ba, ka ce “Do you mean before or after taxes?” ko “Can you explain what you mean by that?” Matambayi ba ya ɓata. A asibiti kuma kana da haƙƙin a samo maka tafinta kyauta, ka nema, kada ka ɗora wa yaro ɗan shekara 12 fassarar sirrin gidanku. Na huɗu, abin da ya yi nauyi a kai shi ga akanta ko lauya mai lasisi, kamar yadda nake tura mara lafiya wurin likitan zuciya.

Ga shugabanni kuma, ina roƙon ƙungiya ta gayyato akanta kowace Fabrairu, kafin lokacin haraji ya ƙure, ta kuma tsara littafin adashi iri ɗaya da matanmu za su riƙa amfani da shi.

Malamanmu sun sha tuna mana cewa za a tambayi kowa dukiyarsa, ta ina ya same ta, ta ina ya kashe ta. Mai halas ba ya tsoron wannan tambaya a kowane harshe aka yi ta. Abin da ya rage mana shi ne mu iya faɗin gaskiyarmu da kalmomin da mai tambaya zai gane.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya rufa mana asiri, ya ƙara haɗa kanmu.